Gurbin Ɗan Rakiya

Allon ya yi fari fat tun kafin Honarabul Gwadabe ya iso, kuma duk ma'aikatan zauren sun san wadda za a tambaya. Safara'u ce ta haɗa shi. Ita ta rubuta shafin da ke ɗauko sunayen masu ciwon ido daga kwamfutar rajista, ya jera su a kan ƙaton talabijin ɗin da aka kafe a bango, kowa da lambarsa, don kada a yi turereniya a ƙofar likita. Da safe ya yi aiki lafiya lau. Sunayen maza suka fito reras, har wani tsoho da ko tafin hannunsa ba ya gani ya ce lallai abin ya yi kyau. Ana fara rubuta layin mata sai komai ya ɓace, har da hoton Honarabul da ke kusurwar sama yana murmushi.

Hoton nan shi ne masifar. Tun da soja suka koma bariki idon talaka ya samu gata a garin nan, amma fa sai zaɓe ya ƙarato. Honarabul ya kama hayar wani zaure a GRA, ya ɗauko likitan ido daga Kano, aka yi shela a rediyo cewa dubawa kyauta ce, wanda aka samu da yanar ido kuma a sa shi cikin waɗanda za a yi wa aiki. Abu mai kyau, ba wanda ya ce ba haka ba. Sai dai likita ba zai taɓa idon kowa ba sai Honarabul ya tsaya gaban allo an ɗauki hoto, shi kuma Honarabul ba zai tsaya gaban farin allo ba. Likitan ya faɗa tun saukowarsa daga mota cewa yana yin la'asar zai kama hanya, shi ba ya tafiya cikin duhu. Wanda layi bai kai kansa ba sai ya bi shi Kano, ko ya jira wani zaɓen.

Mahaifiyar Safara'u, Inna Indo, tana can kusa da ƙarshen layin mata. Yanar ido ta rufe mata na dama ruf, na hagun ma ya fara hazo, har ta kai ga tana zuba gishiri a koko. Safara'u ce ta ɗauko ta daga Ƙofar Sauri a keke mai ƙafa uku, ta zaunar da ita kan kujera, ta wuce bakin aikinta.

Bakin aikin nata wani ɗan sito ne a bayan zauren, ba taga, ba fanka. Daga wannan gefe an jibge kujerun roba har rufi, daga wancan gefe damman fastocin Honarabul ne, ga janareta yana huci a bayan bango, hayaƙinsa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Kwamfutarta na kan wani kwali, ita kuma tana kan bokitin fenti da aka kife. A bakin ƙofar Sagiru ne tsaye, na hannun daman Honarabul, ya tokare hannu ɗaya a jikin katako, wayoyi biyu a ɗaya hannun, turarensa na kokawa da hayaƙi.

"Malama, mi ya hwaru da abin nan?" in ji shi. "Honarabul na bisa hanya."

"Ina dubawa, Alhaji."

"Ki duba da kyau, don ba ki hita ɗakin nan sai ya kawo. Ni na tsaya maki aka ba ki aikin nan, an ce a ba wani yaro na Abuja na ce a'a, muna da ɗiyarmu ta gida."

Ta san ba shi ya tsaya mata ba, amma ba ranar gardama ba ce. Ta fara da abin da kowa ke fara zargi a ƙasar nan, wato sabis. Sabis ƙalau yake. Ta tambayi kwamfutar rajista kai tsaye ta hanyar da shafinta ke bi ya karɓo bayanai, abin da masu sana'ar ke kira API, amsa ta dawo nan take, cike, suna bayan suna. Ashe kaya suna isowa, mai jera su ne ke faɗuwa da su a bakin ƙofa.

"Alhaji, sunayen duk ga su nan a hannuna, bi da bi," ta ce. "Bari in kwahe a takarda, likita ya hwara aiki, ni kuma in ci gaba da gyara."

Sagiru ya dube ta kamar ta ce a yanka masa rago da cokali. "Takarda? Takarda za a sa a talabijin? Mutanen gidan talabijin na nan tun hantsi, allon nan suka zo ɗauka. Ki dai gyara."

Ta buɗe wurin da burauza, manhajar da ke nuna shafin, ke rubuta koke-kokenta. Layi ɗaya ne ja wur, yana cewa an nemi a mayar da wani abu manyan baƙaƙe, abin kuma babu shi. Manyan baƙaƙen ma Sagiru ne ya ce a sa jiya, don su fito a hoto. Amma jan layin bai faɗi wane ne babu ba, bai faɗi a ina ba. Zufa ta jiƙa mata hijabi har ya manne a wuya. Ta raba jerin biyu ta gwada rabin farko, ya fito. Ta gwada na biyu, fari. Ta sake raba wancan. Duk rabawa sai ta ɗaga kai ta saurari zauren, inda hayaniya ke ta ƙaruwa, wani na tambayar ko likitan ma ya zo da gaske, wata na cewa ita tun asuba ba ta karya ba. Tsoro ne ya cika ta, ba na Sagiru ba. Ta san inda Inna take a layi, ta kuma san rana ba ta jiran hoto.

Aka kira azahar ta yi salla a nan tsakanin fastoci, goshinta kusa da takalmin Honarabul na cikin hoto. Bayan ta sallame ne ta kama shi.

Shafin yana nuna suna biyu ga kowane mutum, na mai ciwo da na ɗan rakiyarsa. Wannan dabararta ce, kuma ta yi alfahari da ita, domin mai ciwon ido ba shi ke karanta allo ba, wanda ya riƙo masa sanda ne. To ga wata Furera daga Ƙofar Kwaya, sunanta ya zo, unguwarta ta zo, gurbin ɗan rakiya kuma ba komai sai kalmar da na'ura ke sawa idan an bar wuri ba a cike ba, null. Shafin ya kai hannu zai ƙara girman sunan da babu shi, ya kife, ya tafi da kowa. Duk gwajin da Safara'u ta yi a gida, ita ke ƙirƙirar mutanen, kuma duk mutanenta masu ladabi ne, ba wanda ya taɓa ƙin amsa tambaya.

Ta bi jerin ta ga ba Furera kaɗai ba ce. Akwai wasu, duk mata, duk tsofaffi. Ta kira Malam Lawal, akawun da ke teburin rajista, ya zo ya leƙo ta ƙarƙashin hannun Sagiru.

"Malam Lawal, sannu da aiki. Waɗannan mi ya sa ba a rubuta masu rakiyarsu ba?"

Ya gyara tabarau ya duba. "Au, waɗannan. Malama, tsohuwa ce ka tambaye ta wa ya kawo ta, ta sadda kai ƙasa ta yi shiru. Ai ka san ɗan hwari ne. Wasu sun aje iyayen sun tahi wajen aiki, ba wanda zan tambaya. In tsare ta gaban jama'a in ce sai ta hwaɗi sunan ɗanta na hwari? Ni ma uwa gare ni. Sai in wuce."

Gaskiyarsa. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ana yabonsa sai ta tashi ta ba da wuri. Kunya ce, kuma matan zamanin su Inna sun riƙe ta da haƙori. Kowa a Katsina ya san haka, har Sagiru, ban da shafin Safara'u.

"To ai da sauƙi," in ji Sagiru. "Cire su. Waɗanda ba su cika ba su dawo wani lokaci." Jiniya ta tashi daga bakin titi, wayoyinsa biyu suka ɗauki ƙara tare. Ya nuna ta da ɗaya. "Kahin a gama gaisawa in ga allo." Ya fita da gudu, babbar riga na binsa.

Ba sai an cire kowa ba. Gyaran layi ɗaya ne: in akwai suna a ƙara girmansa, in babu a bar wurin haka. Ta rubuta shi cikin numfashi biyu, ta gwada a kwamfutarta, jerin ya fito tsaf daga sama har ƙasa. Saura ta danna ta tura shi allo. Tana gangarawa da ido ta tabbatar, sai ta ga layin da ta san za ta gani tun lokacin da Malam Lawal ya buɗe baki. Indo, Ƙofar Sauri. Gaba da shi fili.

Safara'u ce 'yar fari. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta, ba ta dawo ɗakin Inna ba sai da tsohuwar ta rasu. Ta girma tana jin ana ƙwala wa ƙannenta kira, Hussaini zo nan, Ummi ina kika shiga, har da zagi mai daɗi a kai. Ita kuwa "ke" ce in tana kusa, "waccan" in tana nesa. Ranar da ta gama jami'a Inna ta shiga madafa ta yi ta kankare tukunyar da ba ta da datti. Safara'u ta san ba ƙiyayya ba ce, an sha faɗa mata, ita ma ta sha faɗa wa wasu. Amma sani daban, abin da ke cin rai daban. Yau Hussaini na Kaduna, Ummi na wankan jego, ita ce ta kamo hannun Inna ta sa ta a keke, kuma ga abin da aka rubuta a madadinta.

Nan ne ta yi abin da bai kamace ta ba. Ni dai ban ga laifinta can da yawa ba, amma ba daidai ta yi ba. Ta ɗauke yatsa daga kan madannin, ta tashi, ta fita.

Zauren ya cika maƙil, kujeru sun toshe hanya, sai da ta riƙa bi a karkace tana ba da haƙuri. Ta samu Inna inda ta bar ta, zaune a miƙe, hannu biyu a kan cinya, fuskarta na kallon inda take jin mutane suna cewa allo yake. Safara'u ta durƙusa, ta share murya.

"Inna, sannu da zama."

"Yawwa. An gyara?"

"Na'ura ce ta ƙiya, Inna. Ta ce sai kowa ya hwaɗi sunan wanda ya kawo shi, da bakinshi. In ba haka ba likita ba ya ganin mutum."

Wata daga cikin matan da ke kusa ta ja mayafi ta rufe baki. Inna Indo ba ta motsa ba. Safara'u ta zuba mata ido tana jira. Harafin farko ma ya ishe ta.

Inna ta laluba ƙasa da ƙafa ta samu takalmanta, ta dafa kujerar gabanta ta miƙe.

"To a kai ni gida," ta ce. "Idon ya zauna yadda Allah ya aje shi."

Ba ta jira a kama ta ba. Ta miƙa hannu gaba ta nufi inda iska ke shigowa, tana karo da gwiwoyin mutane, ana kauce mata. Safara'u ta bi ta tana "Inna, Inna," ga ayarin Honarabul na shigowa ta wannan ƙofar, 'yan sanda da maroƙa da masu ɗaukar hoto, suka raba su. Kafin ta kutsa ta fita, Inna ta kai bakin get, tana tsaye cikin rana tsakanin manyan motoci, tana ɗaga hannu ga duk abin da ta ji yana da ƙarar keke.

Safara'u ta kama gefen mayafinta.

"Inna, ƙarya na yi. Ba na'ura ba ce. Na gyara ta tun ɗazu."

"Na sani," in ji Inna, ba ta juyo ba. "Tun ana ƙarama in za a yi ƙarya sai an share murya."

"To don Allah a koma. Likitan tahiya zai yi."

Inna ta sauke hannun da take tsayar da keke, ta bar shi a gefenta a buɗe, ba ta miƙa ba, ba ta kuma janye ba. Safara'u ta kama shi.

Ta zaunar da ita, ta ruga sito. Sagiru na ciki yana zagaye kamar kazar da za ta yi ƙwai, ya buɗe baki zai fara, ta raɓa shi ta danna madanni. Daga zauren aka ji guɗa. Allo ya kawo, sunaye manya-manya, Honarabul na murmushi a kusurwa.

Sai kuma jawabi. Honarabul ya gode wa Allah, ya gode wa iyayen ƙasa, ya gode wa jam'iyya tun daga sama har mazaɓa, ya ba da tarihin kakarsa da ta makance. Aka ɗauki hoto yana nuna allo da hannun dama, aka ce haske bai yi ba, aka sake da na hagu. Safara'u na tsaye a bakin sito tana kallon inuwar tagar zauren na tafiya a kan siminti. Tana so ta ɗora wa Honarabul laifin duka, amma ta san nata kason, kuma ba wanda za ta faɗa wa.

Likitan mai sauri ne, Allah ya saka masa. Suna ya hau sama, ma'aikaciyar jinya ta kira, a shiga, a fito, suna ya ɓace, na ƙasa ya matso. Furera ta Ƙofar Kwaya ta shiga ta fito da takardar aiki a hannu tana ta sa albarka. Sunan Inna na hawowa a hankali, Safara'u na bin sa da ido har idon ya fara yi mata zafi. Yana cikin 'yan ƙalilan da suka rage a allo aka kira la'asar.

Likita ya yi salla a cikin ɗakin dubawa. Direbansa ya tayar da mota a waje. Da ƙofa ta buɗe, da jaka a hannunsa ya fito, ya tsaya yana ba sauran haƙuri, yana gaya wa 'yan rakiya ranar da yake zama a asibitinsa na Kano. Akwai mata biyu a gaban Inna. Safara'u ta zo ta tsaya a bayan kujerarta.

Likitan ya ɗaga kai ya dubi allon, karo na farko tun da ya fara aiki. Ya karanta sunayen da suka rage, kowane da na ɗan rakiya a gefensa da manyan baƙaƙe. Ya tsaya a kan ɗaya.

"Wannan fa, Indo? Ba ta da kowa?" Ya dubi agogo, ya ajiye jakar a ƙasa. "Sauran suna da masu kai su Kano. Wannan wa zai kai ta? A shigo da ita, ita ce ta ƙarshe."

Ma'aikaciyar jinyar ta zo ta sunkuya gaban Inna. "Baba, ke ce Indo? Ba wanda ya rako ki?"

Inna ta sadda kai ƙasa ta yi shiru, irin shirun da ta yi wa Malam Lawal da safe. Safara'u na tsaye, hannunta a kan bayan kujerar, tazarar da ke tsakaninsa da kafaɗar uwarta ba ta kai yatsa ba. Ta buɗe baki. Kalma biyu ce, ni ce. Ta dubi jakar likita a ƙasa, ta ji ƙarar motar a waje, ta rufe bakinta, ta janye hannun.

"Allah sarki," in ji ma'aikaciyar. "Taso, Baba, ni zan riƙe ki."

Ta kama hannun Inna ta ja ta a hankali. A bakin ƙofar ɗakin Inna ta tsaya ta zare takalmanta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take yi a ƙofar kowane ɗaki. Ba ta juyo ba. Ta tura su baya da diddige, daidai inda Safara'u ta biyo ta tsaya, ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar da bango take.

"A riƙe mani takalma. Kada a yi nisa."

Aka rufe ƙofa. Safara'u ta sunkuya ta ɗauke su, silifas ne na roba, duk biyun sun cinye ta gefe ɗaya, da sauran ɗumin ƙafa a jikinsu. Sagiru na ƙwala mata kira daga can cewa ta zo ta kashe allo a kwance waya. Ta yi kamar ba ta ji ba, ta tsaya a bakin ƙofar da takalman a ƙirjinta.